Tarago nawa zai iya ja?

Ƙanena ne ya kawo wa ɗana tsarabar jirgin ƙasa na roba daga Kano: kai guda mai aiki da batir, taragu uku, da ɗan layin dogo da ake haɗawa ya yi da'ira. Kwana biyu ya yi yana wasa da shi ya gaji. Ni kuwa na saka shi a jaka na tafi da shi aji, don a cikin ɗalibaina na CM1 a nan Kara-Kara babu wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa. Ina za su gan shi? Dogo ya isa Kano tun 1911, an yi shekaru ana kai gyaɗar Damagaram can a mota don a loda ta, amma shi bai taɓa zuwa Zinder ba. Wanda aka aza harsashinsa a 2021 ma Maraɗi ya nufa.

Niyyata in nuna masu na minti goma mu koma lissafi. Sai wata yarinya ta ce, "Mushe, tarago nawa zai iya ja?" Na buɗe baki zan ce uku, tunda uku aka sayar da shi da su, sai na lura ban sani ba.

Washegari suka zo da gwangwanayen sadin. Yaran unguwar nan ba a koya masu ƙera mota, da waya da marfin kwalba sun yi wa kowane gwangwani ƙafafu. Muka share siminti, muka ɗaura su da zare ɗaya bayan ɗaya, kowane da tsakuwa biyar a ciki. Ya ja huɗu, ya ja shida. A na bakwai sai ya tsaya, ƙafafunsa na juyawa a wuri ɗaya. Aji ya ɗauki ihu wai batir ya mutu. Muka sa sabo, bai motsa ba.

Akwai wani yaro a bencin baya, ya girmi sauran da shekara biyu, kullum a makare yake zuwa saboda sai ya tura kurar ruwa da asuba. Wanda ya san wahalar ruwa a Zinder ya san irin yaran nan. A littafina makinsa ne na ƙasa, kuma ba zan ɓoye ba, na riga na daina kiransa allo. Shi ne ya taso ba tare da ɗaga hannu ba, ya ɗauki dutse ya ɗora a kan injin. Jirgi ya tashi. Sai da ya ja goma sha ɗaya.

Na tambaye shi ya aka yi ya sani. Ya ce, "Mushe, ai ƙarfi yana da shi, ƙasa ce ba ya kamawa. In mota ta kafe a rairayi, mutane ake sa wa su hau baya."

Abin da ya faɗa shi ne abin da injiniyoyi ke lissafawa. Kan jirgi ba ya iya jan abin da ya wuce riƙon da ƙafafunsa suka yi wa dogo, riƙon kuma daga nauyin da ke kansu yake zuwa. Shi ya sa ake yin kan jirgi da nauyin gaske, har ya haura tan 100, kuma yana ɗauke da akwatin yashi da yake zubawa a gaban ƙafafu idan dogo ya yi santsi. Taragu kuwa, ƙarfe a kan ƙarfe ba ya cijewa kamar taya a ƙasa, don haka jan su ba wuya in hanya a miƙe take. A Muritaniya jirgin da ke kwaso tama daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, tafiyar kilomita 700 da 'yan kai, yakan ja taragu wajen 200, tsawonsa ya fi kilomita biyu, amma sai an haɗa kawuna biyu ko fiye.

Yara suka ce to a ƙara dutse. Muka sa babba, sai injin ya yi gurnani ya tsaya cik, ƙafafun ma ba sa juyawa. Nan suka gane iyaka biyu ce. Muka ɗora shi a tebur muka tokare gefe ɗaya da littafi, biyar ma suka gagare shi. Duk wannan su suka rubuta a allo, kuma yaron kura ne ya riƙe alli. Rubutunsa ba kyau, amma jadawalin daidai yake.

Awa biyu darasin ya ci, na kuwa sha magana a ofis kan cewa ba ya cikin tsarin mako. Ban yi musu ba, gaskiya ce.

Bayan sati guda yaron ya daina zuwa. Na je gidansu da yamma, na tarar da mahaifinsa, na ba shi labarin dutsen. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, na ji, Allah ya saka. Amma kurar nan da ita muke ci." Muka daidaita a kan zai riƙa zuwa bayan ya gama zagayen safe, ni kuma ba zan rubuta masa latti ba. Wani lokaci ƙarfe tara yake shigowa, wani lokaci goma. Jiya bai zo ba.