Kwana Ɗaya a Kusa da Sansanin Laramie

Iyalin da suka tuƙa mota zuwa tsohon sansanin sojan Laramie a jihar Wayomin ta Amurka, gara su kafa tanti a kusa su kwana da su leƙa su wuce. Da rana, gine-gine kawai yaro zai gani, har da barikin 1849 mai farin fenti, ya ji an ce 'yan fataucin fatu ne suka fara kafa wurin a 1834. Sai dare ya yi, iska ta fara kaɗa tantin, sanyin kogi ya ratsa bargo, sannan yake gane nisan wurin da ko'ina. Abin mamaki, sojojin ma ba su kewaye shi da ganuwa ba.

Wani zai ce bai dace a yi shaƙatawa a inda aka ƙulla yarjejeniyar 1868 da mutanen Lakota 'yan asalin Amurka ba, wadda aka karya bayan gano zinariya a duwatsunsu a 1874. Maganar tana da nauyi. Amma mai hanzarin komawa kan titi ba ya samun sararin faɗa wa ɗansa wannan. A bakin wuta, bayan an ci abinci, yara ke tambayar ƙasar waye ce tun farko, kuma uba ba shi da wurin gudu.