Ƙararrawar da Na Rufe wa Baki

A damanar 2023 na yi sitaj na wata uku a wani asusun ajiya da bashi nan cikin Damagaram, ba nisa da kasuwar Dole. Ɗakin da aka kai ni bai fi zauren gidanmu girma ba. Sarba biyu ne a ciki, da ondila, da kilim guda mai tari kamar tsoho. Duk kuɗin da mata masu ƙosai da ƴan kabu-kabu suka ajiye, lissafinsu yana cikin waɗannan akwatuna biyu.

Ranar farko mai gidana, injiniyan wurin, ya nuna mini wani allo a bango ya ce, "Ga aikinka. Ka dinga kallon wannan." Na ji haushi a raina. Shekara uku ina koyon rubuta manhaja a jami'a, a ce in zo in yi gadin talabijin?

Sunan abin Zabbix. Wani mutumin Latbiya, Alexei Vladishev, ya fitar da shi a 2001, kuma kyauta ake samunsa, abin da ya sa ya dace da aljihun irinmu. A cikin kowace na'ura ana dasa masa ɗan aike, wata ƴar manhaja da ke auna abubuwa minti-minti: nauyin aikin da ke kan na'urar, wurin da ya rage a faifan ajiya, zafin ɗakin, daƙiƙa nawa ake ɗauka kafin asusun mutum ya buɗe a gaban mai karɓar kuɗi, da ko rassanmu na Mirya da Magarya suna amsa sallama. Kai ne za ka sa iyaka. Namu, idan faifai ya cika kashi 80 cikin 100 sai layinsa ya zama ruwan ɗorawa, idan ya kai 90 ya yi ja, saƙo kuma ya faɗo wayata da ta mai gidana. Kawuna makanikin moto ne a Zango, da jin kukan inji yake gane ciwonsa. Sarba ba ta da kukan da kunne ke ji, wannan allo shi ne kunnen.

Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. Farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, mu kuwa a nan wutarmu ta layin Katsina take zuwa. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu. Mu muna da gurup, amma rassa ba su da mai ƙarfi. Duk sanda wuta ta tafi a Magarya sai wayata ta yi ƙara, ta dawo ta sake yi. Da rana, da tsakar dare, har cikin sahun sallah. Wani dare da na ƙirga saƙonni sun haura sittin, kuma babu ko ɗaya da zan iya yin wani abu a kai. Ni zan kai wuta Magarya? Mai gidana ya tafi Yamai wani taro, ni kuma wallahi barci nake so. Na shiga na rufe bakin ƙararrawar. Da na tsaya kan ta rassa kaɗai da da sauƙi. Gaba ɗaya na rufe, na ce gobe zan gyara.

Abin da ban sani ba, duk lokacin da manhajar lissafi ta nemi reshe ta rasa, sai ta rubuta kukanta a wani kundi, layi bayan layi, ba gajiya. Kundin yana kumbura yana cin faifai. Ɗorawa ta fito, ja ya fito, ni kuwa idona ya riga ya saba da ja a allon nan, tun da rassa kullum ja suke.

Ranar wata Alhamis a ƙarshen Satumba, ranar kasuwa, ana shirin komawa lakkol, faifan ya cika maƙil. Wajen ƙarfe tara komai ya tsaya. Ba a karɓa, ba a biya. Da na leƙa waje layi ya kai bakin titi. Wata dattijuwa da ɗan littafinta a ƙunshe cikin leda ta kama mini hannun riga.

"Ɗana, kai ne na wajen injin? Jika goma sha biyar nake so in cire, in sai wa jikokina kayan lakkol. Ko kuɗin sun tafi ne?"

"Suna nan, Inna. Rezo ne."

Rezo lafiyarsa lau ranar. Na faɗa ne don kowa a garin nan ya saba yafe wa rezo.

Mai gidana ya dawo tun kwana biyu kafin nan, bai san wayarsa ta yi shiru da gangan ba. Ya buɗe zanen faifan na wata guda ya juyo mini da allon. Layi ne miƙaƙƙe yana hawa kamar tudu, har yaro zai iya ɗora rula ya faɗi ranar da zai bugi rufi. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Na'urar ta gaya maka tun sati uku." Muka kwashe tsohon kundin, muka tayar da ma'ajiyar bayanai, muka bi lissafin safiyar ɗaya bayan ɗaya don kada na wani ya ɓace. Sai bayan azahar aka fara biya. Dattijuwar ba ta jira ba, motar ƙauyensu ta tashi.

Sauran kwanakina a wurin, rage ƙararrawa muka yi. Reshe sai ya yi minti talatin bai amsa ba kafin a tashe mu, kuma saƙo ɗaya tak. Faifai kuma muka sa a yi mana lissafin kwana nawa suka rage ya cika, a faɗa tun da saura sati. Muka sa kundin ya dinga share tsoffin shafukansa da kansa. Daga saƙo sittin a dare muka koma biyu ko uku a sati.

Alhamis ta gaba na tsaya kusa da masu biyan kuɗi tun safe ina duba fuskoki. Ban gan ta ba. Ta bayanta ma haka, sannan sitaj ɗina ya ƙare.