Aljeriya, babbar maƙwabciyar Nijar ta arewa

In mutum ya bar Agadas ya nufi arewa, ya wuce Arlit, zai isa Asamaka. Nan ne garin ƙarshe na Nijar. Gaba kaɗan sai In-Gezam, garin farko na Aljeriya. Iyakar ƙasashen biyu ta kai wajen kilometir 950.

Ƙasa da mutanenta

Aljeriya ta fi kowace ƙasa girma a Afirka. Faɗinta murabba'in kilometir 2.381.741 ne, kusan ninki biyu na Nijar. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar hamada ce. Shi ya sa yawancin mutanenta, su fiye da miliyon 45, suna zaune can arewa, kusa da tekun Bahar Rum, inda ake samun ruwan sama. Babban birnin ƙasar, Alje, yana bakin teku.

Mutanen ƙasar Larabawa ne da Barbar. Cikin Barbar akwai Kabilawa na duwatsun arewa, akwai Abzinawa na wajen Tamanraset, dangin Abzinawan Nijar. Kusan dukansu musulmi ne masu bin mazhabar Malikiyya. Shaihu Magili, wanda ya karantar a Abzin da Kano da Katsina wajen ƙarshen ƙarni na 15, mutumin Tilimsan ne. Shaihu Ahmadu Tijani kuma a garin Ain Madi aka haife shi.

Tarihi da mulki

Musulunci ya shiga ƙasar tun ƙarni na 7. Turkawa sun riƙe Alje wajen shekara 300. A shekara ta 1830 sojojin Faransa suka sauka. Sarki Abdulƙadir ya yaƙe su har 1847. Nasara suka ƙwace gonaki masu kyau suka ba ƴan uwansu, masu ƙasa suka koma ƴan ƙodago cikin gonakin kakanninsu.

Ran 1 ga Nuwamba 1954 ƙungiyar FLN ta ɗauki makamai. Mutane dubban ɗaruruwa suka rasu. Ran 5 ga Yuli 1962 ƙasar ta samu ƴancin kanta. Ahmed Ben Bella ne shugaban farko. Bumadiyan ya karɓi mulki a 1965, ya riƙe har rasuwarsa a 1978. A 1992 sojoji suka soke zaɓe, yaƙin basasa ya ɓarke, ya yi kusan shekara 10. Butafliƙa ya hau a 1999, jama'a suka fito kan tituna suka sa ya sauka a 2019. A ƙarshen wannan shekara aka zaɓi Abdulmajid Tabbun, aka sake zaɓensa a 2024.

Aljeriya jamhuriya ce mai majalisa biyu. An raba ƙasar jaha-jaha. Jaha suna ce mata wilaya, shugabanta kuwa wali. Kuɗinsu dinari ne.

Arziki

A 1956 aka gano man fetur a Hasi Masa'ud, da iskar gaz a Hasi Ramal, duka cikin hamada. A 1971 gwamnati ta karɓe rijiyoyin daga hannun kamfanonin Faransa. Da kuɗin aka gina makarantu da gidajen likita da hanyoyi. Har yanzu wajen kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ƙasar take samu daga waje, fetur da gaz ke kawo shi.

Amma ba a tuƙa tuwo da fetur. Alkama ita ce cimakar mutanen ƙasar, wadda suke nomawa kuwa ba ta isar su. Kowace shekara sai an sayo miliyoyin tan daga waje, har da garin madara. A 1986 farashin fetur ya faɗi. Kuɗin sayen abinci ya yi ƙaranci, matasa suka rasa aiki, tarzoma ta tashi a watan Oktoba 1988.

Manoman hamada suna da dabara. A yankin Tuwat suna haƙa hanyoyin ruwa ƙarƙashin ƙasa, ruwan ya gangaro da kansa har cikin garkar dabino. Dabinon Biskara ya yi suna a duniya. Makiyaya suna kiwon tumaki da awaki da raƙuma. Tun wajen 1971 aka fara dashen itatuwa kan tsawon kilometir 1.500 don a tare hamada. Da yawa sun mutu, don iri ɗaya aka dasa, kuma ba a shawarci makiyaya ba. A 2023 aka sake tada aikin.

Hanyar arewa

Manyan motoci suna kawo dabino da taliya daga Tamanraset, su koma da bisashe. Amma hanyar tana da haɗari ga mai bin ta a ɓoye. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Da yawa daga jahar Damagaram suka fito, sun tafi neman abinci bayan damana ta ƙi.

Ƙasar da suka nufa tana da arziki, amma ita ma sayen hatsi take yi. Mai rumbu cike ba ya tura iyalinsa cikin hamada.