Tsibirin da Gwaza Take Yayan Mutum

Duk mai bin hanyar Abuja ta Gonin Gora ya ga yadda gonakin Gbagyi suka koma filotai, kowa na fafutukar takardar mallaka. Da wannan idon na sauka tsibirin Oahu na Hawai, wurin mutanen da kakanninsu ba su san a sayar da ƙasa ba.

A al'adarsu ta dā ƙasa ta allolinsu ce, sarki riƙon amana kawai yake yi. Sukan yanka tsibiri tun daga kan dutse har bakin teku, kowane yanki ana ce masa ahupua'a, da wakilin sarki mai kula da rabon ruwa da aikin gayya. Na tudu ya sauko da itace da gwaza, na gaɓa ya hau da kifi da gishiri. In wakili ya cika matsi, talaka ya tattara iyalinsa ya koma wani yankin.

Gwazar nan da muke dafawa mu ci da yaji, su yayansu ce. Sun ce ɗan farin Wakea, ɗaya daga cikin allolinsu, bai zo da rai ba, aka binne shi, gwaza ta tsiro a kabarin. Ƙaninsa Haloa shi ne kakan mutane. Wannan ba aƙidarmu ba ce, amma tarbiyyar da ta haifar ta burge ni ƙwarai: yaya ya ciyar da kai, kai kuma ka kula da shi.

A He'eia, wani yanki na Oahu, na shiga fadamar gwaza, taɓo har gwiwa, ruwa mai sanyi yana bin ƙafata. Daga rafi aka janyo shi, ya ratsa wannan fage ya faɗa na ƙasa, sannan ya koma rafin domin na gaba ya samu. A bakin teku kuma ga tafkin kifi mai eka 88, katangarsa dutse kan dutse ba siminti. Ƙofarsa sanduna ce jere: ƙananan kifi su kutsa, in sun yi ƙiba fita ta gagara.

A 1848 Sarki Kamehameha III ya raba ƙasar, mallaka irin ta Turawa ta shigo, talakawa suka tashi da abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Tafkin ma daga baya itatuwan ruwa suka cinye shi. A 2001 ƙungiyar Paepae o He'eia ta fara sare su tana mayar da duwatsun katangar, 'yan sa-kai da 'yan makaranta suna miƙa wa juna dutse hannu da hannu.