Daga Lugu zuwa Babi na Huɗu

A cikin akwatunan malaman makaranta na ƙasar Arewa akwai kaye da yawa waɗanda aka fara rubuta ƙagaggen labari a cikinsu, aka kai babi na uku, aka rufe. In an tambayi mai shi dalili, ba ya rasa amsa: aji ya cika, gyaran takardun ɗalibai ya cinye dare, ga gona, ga iyali. Duk gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, wato zaton cewa a wuri kamar Ɗan Kassari babu abin da ya isa ya zama littafi, sai a Yamai ko Kano.

Wannan zato kuwa Lugu ta ƙaryata shi, kuma Lugu tana cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari. Can ne a watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta yi karo da mutanen Sarauniya. Abin da takardun Faransawa suka ajiye game da ita kanta bai taka kara ya karya ba. Sauran yana bakin tsofaffi. Daga wannan ɗan abu ne Abdoulaye Mamani ya gina littafinsa Sarraounia, wanda aka buga a Paris a 1980. Shi ba ɗan Arewa ba ne, haifaffen Gudumariya ne, can gabas, a 1932. Ya sha gwagwarmayar Sawaba, ya sha zaman gudun hijira da na kurkuku, littafin kuma bai fito ba sai da ya kusa shekara hamsin. Mai cewa shekaru sun ja, lokaci ya wuce shi, sai ya yi wannan lissafi. Littafin bai ko kai shafi ɗari biyu ba, amma Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Sai dai darasin Mamani kaifi biyu gare shi, kuma a nan ya kamata mai rubutu ya dakata ya yi tunani. Sarauniyar da mutanen Lugu suka sani, sarauta ce ta addinin gargajiya wadda ake gada, mai riƙe da ita tana zaune a ɗakinta, ƙarfinta a wajen iskoki da ƙasa yake. Mamani ya fito da ita fagen fama, ya ba ta baka da kibiya, ya ba ta uban riƙo mai suna Dawa wanda ya koya mata yaƙi da magani. Yana da ikon yin haka, don ƙagaggen labari ba littafin tarihi ba ne, kuma da bai ƙaga ba da babu littafi. Amma yau ɗalibai da dama Sarauniyar littafi da fim suka sani, ita suke ɗauka ta ainihi. Ashe alƙalami yana iya danne bakin kaka. Saboda haka wanda zai ɗebi labari a Lugu ko Bagaji, wajibi ne ya fara zama ya saurara, ya saurara har ya gaji, ya riƙe kaye biyu: ɗaya na abin da aka faɗa masa, ɗaya na abin da ya ƙaga. Mai karatu ba ya bukatar ganin iyakar da ke tsakaninsu, amma marubuci bai kamata ta ɓace masa ba.

Ba lalle ne kuma a koma 1899 ba. Babbar hanyar da ta taso daga Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni tana ratsa Ɗan Kassari, tana kwashe samari zuwa cin rani, tana maido wasu, wasu ba ta maido su. Matar da aka bari da rumbu rabi, da dattijon da ke sallah a masallaci amma bai daina girmama dutsen Tunguma ba, kowannensu ya isa littafi. Abin da ke kashe labari a babi na uku sau da yawa shi ne tauraron ba ya son kome. An bayyana kyansa, an jera asalinsa, an yi wa'azi da bakinsa, amma babu abin da yake nema wanda wani ya tare masa hanya. A ba shi bukata, a sa masa shinge, babi na huɗu zai zo da ƙafarsa.

Maganar harshe tana da nata nauyi. Mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, domin a karanta shi a Damagaram da Zariya. Amma idan tsohuwar Arewa ta buɗe baki a cikin littafi, a bar ta ta ce «mi» da «shina» da «wanga». In aka sa mata Kananci, ta zama wata, kuma ƴan garinsu za su fara ganewa tun daga layin farko.

Game da lokaci, babban hutu wata uku ne. Gaskiya ne ya faɗo daidai da damina, hauya ma tana da haƙƙinta. Amma shafi ɗaya bayan sallar asuba, kafin a fita gona, ya zama shafi casa'in kafin komawa aji a watan Oktoba. Sharaɗin kawai shi ne kada a waiwaya. Gyara aikin malami ne, hannunsa ya saba da jan biro, kuma wannan sabon shi ne babban abokin gabarsa: yakan yi wa shafin farko maki sau ashirin alhali na talatin bai samu ba. A ɓoye jan biron har sai labari ya kai ƙarshe. Daga nan a karanta shi da babbar murya a gaban mutum biyar ko shida na ƙungiyar al'adu, har da wanda bai yi boko ba. Inda suka fara hamma, a sa alama. Inda suka tsai da mai karatu suna gardama a kan abin da tauraro ya aikata, kada a taɓa wurin.

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma waɗanda suka rubuta su mutanen aji ne da alli, ba su da wani ƙagaggen littafin Hausa a gabansu da za su duba. Abubakar Imam a lokacin malami ne a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara ashirin da biyu.