Baƙo raɓa ne? Kan ginin da nake yi a Ibadan

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar gini ce ta sha kaina.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To amma an kafa Sabon Ibadan tun 1916, ga shi har yau muna nan. Raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba, ai sai a sake mata suna. Duk da haka da yawanmu haya muke yi, in kuɗi ya samu sai a kai Arewa a gina gidan da ba a kwana cikinsa sai da Sallah. Ni a nan aka haife ni, a nan na haifi 'ya'yana, don haka a nan na sayi fili.

Ƙasar Kurmi tana da nata hukuncin. A garin kakanninmu tubali da azara kan yi wa mutum shekaru, in dai ana yaɓe. Nan kuwa ruwa kan faro tun wajen Maris, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo har Oktoba. Wanda ya ga ambaliyar Ogunpa ta 1980, ko ta Agustan 2011, ya san ruwan garin nan ba abin wasa ba ne. Fili na a gangare yake, shi ya sa na zaɓi zubin kankare maimakon bulo.

Ga yadda aikin yake. Kafinta zai haɗa katako fuska biyu kamar akwati, a tokare da gora, a ɗaura rodi a tsakiya. Sai a kwaɓa siminti awo 1, yashi awo 2, tsakuwa awo 4. Kada a bari lebura ya cika ruwa don sauƙin kwaɓi, ƙarfin bangon yake ragewa. Ana zubawa ana zungura don kada iska ta bar ramuka. Bayan an cire katakon sai a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuwa sai ya kwana 28 ake aunawa. Ya fi bulo cin kuɗi, wannan ba musu.

Katakon rufi daga kasuwar Bodija na sayo, busasshe, domin ɗanye yana lanƙwashewa bayan an buga kwano. Mun shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Maƙwabcina Bayarabe ne ya raka ni, ya nuna min yadda ake gane mai kyau.

Da Baffana ya zo duba aikin, sai ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa ya ce, "Kai yaro, wannan ai ba ginin mai niyyar komawa gida ba ne. In rikici ya tashi, a ka za ka ɗauke shi?"

Na ce, "Baffa, Allah ya kiyaye. Amma jikokinka in an ce su tafi gida, nan za su nufa."

Maganarsa ba ta banza ba ce. Abin da ya faru a Shagamu a 1999, da kasuwar Shasha a 2021, yana ran kowannenmu. Sai dai ni a ganina, wanda kullum jakarsa ke ɗaure ba ya gyara unguwa, ba ya neman takardar fili, ba a kuma sa shi cikin shawara.

Abu ɗaya na dage a kai: sai da aka fitar min da zaure, duk da magini ya ce ɓarnar wuri ce. Bango na Kurmi ne, amma mai sallama zai san gidan Bahaushe ya zo.

Saura ƙofofi da tagogi. Ku sa mu a addu'a, Allah ya ba marasa shi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.