Ta Mutu Ne, Ko Ta Kashe Kanta?

Idan kwamfuta ta ɗauke ba zato ba tsammani, Bahaushe yana da jimloli aƙalla uku da yake ba da labarin. Wani zai ce «ta mutu», wani ya ce «ta kashe kanta», wani kuma ya ce «an kashe ta». A maganar yau da kullum ba ma bambanta su, duk wadda ta zo baki ita ake furtawa. Amma ɗalibin nahawu ya san ba ɗaya suke ba. Ta farko aikatau ƙi-karɓau ne, abu ya auku kuma ba a ɗora wa kowa alhaki ba. A ta biyu, aikau da karɓau abu guda ne. Ta uku kuwa tana tabbatar da akwai mai aikin, sai dai an sakaya sunansa. A bazarar da ta wuce na gano cewa kowace daga cikin jimlolin nan tana nuni ga ciwo dabam, kuma rabin gyaran na'ura shi ne sanin wace jimla ce ta dace da ita.

Kwamfutar da nake magana a kanta ta kan teburi ce, ta gidan kawuna da nake zaune wurinsa a Yamai. Ta kowa ce: kawu yana lissafin shagonsa da ita, ƴaƴansa suna aikin lakwal, ni kuma a lokacin ina rubuta memuwar ɗina a kan wasu siffofin Kurhwayanci. Na ɗauko muryoyin dattawa a ƙauyukan yankin Filinge, ina sauraronsu daƙiƙa bayan daƙiƙa, ina rubutawa a ELAN, ina auna tsawon wasula a Praat. Wanda ya taɓa wannan aiki ya san minti ɗaya na magana yakan ci awa guda. Muryoyin suna da kwafi a kile da kuma katin rakoda, saboda haka ba su nake jin wa tsoro ba. Abin da ke salwanta shi ne aikin wuni, domin fayil ɗin da wuta ta yanke masa ana tsakiyar adana shi yakan lalace ya ƙi buɗuwa. Ga ranar ajiye memuwar tana matsowa, ga kuma littafin bashin shagon kawu a cikin faifan da kowace ɗaukewa take yi wa barazana.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Mafi yawansu sun ce birus ne, a goge komai a sake zuba Windows. Wani ya ce akwatin wutar ne ya gaji, a sayo sabo. Wani abokin kawu ya ce a sayar da ita tun tana da sauran daraja. Kowa ya zo da magani, babu wanda ya tambayi yadda ciwon yake tashi. Kawu ya ce mini: «Ɗana, kai ne ɗan jami'a. Na ba ka mako biyu, in ba ta gyaru ba mu rabu da ita.»

Abin da na iya shi ne tattara bayanai, don haka da shi na fara. Na ware littafi, duk sa'ad da ta ɗauke in rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, minti nawa ta yi a kunne, wane aiki take yi, da kuma halin da ƙwan lantarki da fankar ɗakin suke ciki a daidai lokacin. Cikin kwana tara na samu ɗaukewa goma sha uku. Goma sha ɗaya sun faɗo tsakanin azahar da la'asar sakaliya, bayan ta yi minti ashirin zuwa arba'in tana aiki mai nauyi, fankar ɗaki kuwa tana juyawarta lafiya lau. Sauran biyun bayan magariba suka auku, tana zaune ba ta aikin komai.

Ita ma na'urar tana da nata littafin. A cikin Windows akwai kundin da ake rubuta duk abin da ya faru, kowane lamari da lambarsa. Lamba 1074 tana fitowa ne idan mutum ko wata manhaja ta ba da umarnin kashewa ko sake kunnawa, har ma a ambaci wadda ta ba da umarnin. Wannan ita ce «an kashe ta», kuma a nan ake tono sunan da aka sakaya. Lamba 41 da 6008 kuwa abin da suke faɗa kawai shi ne na'ura ta tashi ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Ba sa faɗin dalili. A lokutan nan goma sha uku ban ga 1074 ko sau ɗaya ba, ban kuma ga shuɗin allon nan da kan bayyana idan manhaja ta rikice ba. Jimla ta uku ta fita ke nan, zancen goge faifai ma ya yi rauni.

Daga nan na koma ga darasin shekarar farko a tsarin sauti, wato zubin kamantau. Muna tabbatar da cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti ne mabambanta ta hanyar gwada «baki» na cin abinci da «baƙi» jam'in baƙo, domin tsawon wasali ɗaya ne, karin sauti ɗaya ne, baƙin tsakiya kaɗai ya sauya. Wanda ya gwada «baki» da «baƙi» na launi kuwa ya sauya abu uku a lokaci guda: baƙin tsakiya, tsawon wasalin farko, da karin sauti. Ma'ana ta canza, amma ba zai iya cewa ga abin da ya canza ta ba. Haka yake ga mai gyaran da ya share ƙura, ya sauya akwatin wuta, ya sake zuba manhaja duk a rana ɗaya. Ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, kuma mai na'ura ya biya kuɗin abu uku.

Sai na riƙa sauya abu ɗaya ina barin saura. Na yi aikin da na saba yi da rana, da fayil ɗin nan dai, amma bayan sallar asuba: awa biyu ba ta ɗauke ba. Na bar MemTest86 yana gwada ram dare guda: babu kuskure. Na sa ƴar manhajar da ke nuna zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, na zauna ina kallo da rana tsaka. Tana hutawa ma ya haura digiri 70. Da na buɗe hoton murya mai tsawo a Praat tare da bidiyo a ELAN, sai ya hau 90, ya wuce 95, sautin ya fara sarƙewa, can sai allo ya yi duhu. Gani ya kori ji.

Yadda abin yake shi ne, furosesa tana da ma'aunin zafi a jikinta. Idan zafin ya doshi digiri 100 takan rage gudu don ta huce, shi ya sa sauti ke sarƙewa. In ya ci gaba da hawa, sai ta yanke wa kanta wuta don kada ta ƙone. Ashe jimla ta biyu ce gaskiya, harafi da harafi: ta kashe kanta ne, kuma don ta tsira. Iskar da fanka ke hura mata kuwa iskar ɗaki ce, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano.

Na cire waya daga bango, na taɓa ƙarfen akwatin don in sauke lantarkin jikina, sannan na kwance murfin. Ƙurar hunturun shekaru ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi, ta zama kamar auduga. Na riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima, na hure ƙurar da famfon taya, na share da burushi mai laushi. Akwatin wutar ban buɗe shi ba, domin akwai sassa a cikinsa da ke riƙe lantarki ko bayan an cire waya. Zafi ya sauka, amma bai sauka yadda ya kamata ba. Abu na gaba shi ne man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda ke cike ƴan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya ratsa. Na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa, na nuna masa littafina. Ya duba ya yi dariya ya ce: «Ƙanena, ai ka gama aikin, hannu kawai ka zo aro.» Da ya ɗaga ƙarfen, man ya bushe ƙayau kamar tsohuwar laka. Ya goge, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya karɓi jika biyu. Tun daga ranar zafinta bai sake kai 75 ba, ko da rana tsaka.

Saura ɗaukewa biyun nan na bayan magariba. Malamanmu sun sha gargaɗinmu game da misalan da suka ƙi bin doka: mai gaggawa yakan share su daga bayanansa, mai haƙuri yakan tambaye su abin da suke ɓoyewa. A littafina, gefen kowace daga cikinsu na rubuta cewa ƙwan ɗaki ya dushe na ɗan lokaci. Wutar gidajenmu bolt 220 ce a ƙa'ida, amma a lokacin da unguwa duka ta kunna fankoki da firji takan yi ƙasa, musamman a daidai tashin injin babban firjin da ke zauren kawu, wanda yake kan layi ɗaya da kwamfutar. Na aro ondilar wurin wani abokin karatu, na haɗa, na jira magariba. Firji ya tashi, ƙwai ya dushe, ondilar ya yi ƙara ya karɓi nauyin, kwamfuta ba ta motsa ba. Wannan ita ce «ta mutu» ta gaskiya, abinci ne ya yanke mata. Ciwo biyu ne suka fito da fuska ɗaya, kamar kalmomi biyu masu asali dabam da furuci ya haɗe su. Da na tsaya a kan ƙura da mai, da wata magariba ta sake cinye mini aikin wuni. Kawu ya sayi ondilar nasa, na kuma ajiye memuwar a kan lokaci.

Akwai wani abu da na tsinta a rumfar mai gyaran wanda ya shafi sashenmu kai tsaye. A ƴan mintocin da na zauna, na ji yana cewa wata na'ura «ta yi shofe», wata «ta yi pulante», wata kuma sai an «yi mata formate». Aikatan Faransanci ne suka shigo Hausa ta ƙofar «yi», suka zauna a gurbin suna. A ƙetaren iyaka, a Katsina ko Kano, Ingilishi ne ke cika wannan gurbi. Ga mai neman batun bincike, rumfunan gyaran waya da kwamfuta na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai cike suke da bayanan da ke jiran rakoda. Sai dai kafin ya fara rubuta abin da ya ɗauko, ya leƙa cikin akwatin kwamfutarsa tun bazara ba ta kama ba.